Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙin Tsuntsaye da Yawon Kallonsu a Ƙasar Zazzau

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowar daga Zariya da kewayenta suka zo, kuma kusan dukansu a kan tsuntsaye suke magana. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru. A tsakiyar watan Janairu na ga wani babban tsuntsu baƙi, cikinsa fari, shi kaɗai a bakin madatsar ruwan jami'a. Na gaya wa abokan yawona cewa shamuwa ce, suka ce ba a ganin shamuwa da hunturu. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan ba da labarin abin da na gani har a yarda da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi abin da aka saba gani, kai kuma ka faɗi abin da idonka ya nuna maka, kuma babu abin da zai raba gardamar nan sai abin da ka rubuta a lokacin da tsuntsun yake gabanka. Shamuwa baƙuwar damina ce a wurinmu. Tana isowa ƙasar Zazzau tsakanin Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari da na ƙauye, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sa'an nan idan ruwa ya ɗauke ta kama hanyar kudu, ta je ta ci daminar ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. A watan Janairu ke nan 'yan'uwanta suna can nesa da mu da dubban kilomita. Akan sami wadda rauni ya hana ta bin ayari, amma ba kasafai ba.

Sai dai akwai wani danginta da yake haihuwa a Turai, yake ƙetaro hamada ya yi hunturu a wannan yanki na Afirka, kuma ganinsa a Najeriya yana da wuya ƙwarai. Shi ma baƙi ne, cikinsa fari, shi ya sa ake rikita su. Ya fi shamuwarmu girma, domin ita tsawonta kamar santimita 75 ne, shi kuwa yana kusan mita ɗaya. Idan ya balaga bakinsa da ƙafafunsa jajaye ne wur, alhali bakin shamuwa toka-toka ne mai ɗan kore, ƙafafunta ma haka, ja kuwa a gwiwa da yatsu kawai yake. Alamar da ta fi kowace ƙarfi sai tsuntsun ya tashi ake ganinta: ƙugun shamuwa, wato bayanta na kusa da wutsiya, fari ne fat, nasa kuwa baƙi ne har ƙarshe. Halinsu ma ya bambanta. Shamuwa mai son jama'a ce, garke-garke take kiwo a gonaki da filaye tana cin fara, ba ta kuma tsoron mutane, shi kuwa baƙon na Turai mai gudun mutane ne, ya fi son gefen ruwa, sau da yawa shi kaɗai. Yadda ka bayyana wurin da lokacin ya sa zuciyata ta karkata ga na biyun, amma karkatar zuciyata ba hujja ba ce, kuma idan ba ka lura da launin baki da ƙafa da ƙugu ba, abin da ya dace ka rubuta shi ne ka ga tsuntsu dangin shamuwa wanda ba ka tantance ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Masana sun fi amincewa da mutumin da yake iya cewa bai tantance ba fiye da wanda kowace fita sai ya dawo da abin mamaki.

Game da ba da labari kuwa, ka riƙe wannan ƙa'ida: rubutu kafin littafi. Da zarar ka ga abin da ba ka saba gani ba, kada ka fara buɗe littafin hotunan tsuntsaye ko manhajar waya, domin da ka ga zane mai kama da shi, ƙwaƙwalwarka za ta cike maka alamomin da idonka bai gani ba, kuma za ka iya rantsuwa a kansu da zuciya ɗaya. Ka fara rubuta kwanan wata da lokaci da ainihin wurin, da nisan da ke tsakaninku, da inda rana take, domin tsuntsun da rana ke bayansa baƙi yake fitowa ko da wane launi ne. Ka gwada girmansa da wani tsuntsu da ke kusa da shi wanda kowa ya sani, kamar balbela ko zalɓe ko hankaka. Ka bi shi daga baki zuwa wutsiya kana rubuta launin kowane sashe, ka faɗi abin da yake yi da abin da yake ci da yadda yake tashi. Idan kana da madubin hangen nesa, ɗora kyamarar wayarka a bakinsa ka ɗauki hoto, ko da ya fito dishi-dishi, domin hoto marar kyau da ya nuna launin ƙafa ya fi dogon bayani. Idan ya yi kuka, ka naɗi muryar. Bayan haka ka kira abokanka nan take su zo su gani da idonsu tun bai tashi ba. Rahoton da ke ɗauke da waɗannan abubuwa ko bayan shekara 20 ana iya duba shi a yanke hukunci, wanda kuwa ya tsaya ga "na gani" kawai, ranar da aka faɗe shi ya mutu.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Tudun Wada. Mu shida ne, maza da mata, muna so mu riƙa fita kallon tsuntsaye sau ɗaya a wata. Ina ya kamata mu fara, kuma wane lokaci ne ya fi?

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'a. Zariya ta yi dace da wurare iri uku kusa da juna, kuma kowanne da tsuntsayensa: ruwa, dutse, da kurmi. Ku fara da ruwa, domin tsuntsayen ruwa manya ne, a fili suke tsayawa, ba su wahalar da sabon shiga. Madatsar Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da fadamun kogin Galma wajen Dakace za su nuna muku zalɓe da balbela da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, kuma daga Oktoba zuwa Maris za ku tarar da ƙananan baƙi masu dogayen ƙafafu suna tsintar abinci a cikin laka, waɗanda a arewacin Turai da Rasha suka ƙyanƙyashe. A wannan lokacin ne kuma za ku ga wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Shi ma daga Turai ya zo. Dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa shi ne na biyu. Can ake jin kazar dutse tana kuka da sassafe tun kafin a gan ta, can kuma ake ganin shaho iri-iri suna shawagi a jikin dutsen idan rana ta fara zafi. Na ukun shi ne wuraren da manyan itatuwa suka haɗu, kamar lambun tsirrai na jami'a da kurmin bakin rafi, inda cilakowa da ragon maza da tsirya suke, sai dai a nan kunne ya fi ido aiki, don haka ku bar shi sai kun ɗan goge.

Babu watan da ba shi da abin kallo, amma abin da ake gani yana sauyawa. Da hunturu ake samun baƙin Turai, sai dai hazo yakan dushe launi. Da bazara, wato Afrilu da Mayu, baƙin Turai suna haramar komawa, baƙin damina irin su shamuwa suna isowa, kuma a ganina babu lokacin da ya kai wannan daɗi a Zariya duk da zafinsa. Da damina kuwa mazan tsuntsaye masu saƙa sheƙa a ciyawa da itace suke sauya gashi su yi ja da rawaya, su cika fadama da hayaniya. Ko wane wata ne, ku kasance a wurin da gari ya waye, bayan sallar asuba kaɗan, domin zuwa ƙarfe goma yawancin tsuntsaye sun yi shiru sun shige inuwa. Ku sa tufafi marasa ƙyalli da takalmi mai rufe ƙafa, ku ɗauki ruwan sha, ku naɗa mutum ɗaya ya riƙe littafin rubutu na ranar. Madubi ɗaya ko biyu ya ishe ku ku riƙa karɓa-karɓa. Idan za ku saya, ku nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa, domin wanda ya fi haka kusanto da abu rawa yake yi a hannu.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a halin da ake ciki. Mutum shida da madubin hangen nesa da kyamara a bayan gari, ba kowa ne zai ɗauka tsuntsu suke nema ba. Kafin ku shiga ko'ina, ku je ku gai da mai unguwa ko dagaci, ku bayyana masa abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da wani ɗan gari ya raka ku, ku kuma sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Za ku ga ya san inda kowane tsuntsu yake kwana fiye da ku. A cikin jami'a ku sanar da masu tsaro. Kada ku kuskura ku ɗaga madubi ko kyamara ta wajen barikin soja ko filin jirgin sama na kwalejin koyon tuƙin jirgi, ko da wane irin tsuntsu ne ya sauka a kan shingen. Ku bi gefen gona, kada ku ratsa shukar masu noman rani. Ku bar wa wani a gida bayanin inda kuka tafi da lokacin dawowa. Wurare masu nisa irin gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari kuwa, ku ajiye su tukuna har sai hukumar gandun da kanta ta ce a zo. Idan kuna marmarin tafiya mai nisa sau ɗaya a shekara, ku tara kuɗi ku nufi dausayin Haɗeja da Nguru tsakanin Disamba da Fabrairu, ku ga Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe, inda agwagin Turai suke sauka dubbai. Tun shekarar 2000 aka sa wani sashe na wannan dausayi a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya.

Kada kuma rubutunku ya tsaya a littafi. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma abin da ake so shi ne mutum ya yi aƙalla awa 2 a cikin gida ɗaya, ya zaga wurare daban-daban, ya rubuta duk tsuntsun da ya tantance bi da bi, ya aika ta manhajar BirdLasser. Kurciya da hankaka ma ana so a rubuta su. Fitarku ta wata-wata ta yi daidai da wannan tsari.

Tambaya: Malam, a wani kwazazzabo da ke bayan unguwarmu a Hanwa akwai ramuka da yawa a jikin gaɓa, wasu tsuntsaye koraye masu jan maƙogwaro suna shiga suna fita. Baƙi ne? Yara suna zura sanda a ramukan.

Amsa: Ɗan'uwa, ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, kuma da wuya a sami tsuntsun da ya kai su fitar da sunan Zariya a wurin masana. Suna cikin dangin tsuntsaye masu cin ƙudan zuma. Idan ka lura za ka ga baƙin layi ya ratsa idonsu, ƙarƙashin wutsiyarsu kuma shuɗi ne. Sukan zauna a reshe, su zabura su cafke ƙudan zuma ko zanzaro a iska, su dawo reshen su buga kansa, su goga gindinsa a jikin itacen har dafin ya fita, sa'an nan su haɗiye. Ramukan da ka gani a ƙarshen damina suke haƙa su, lokacin da ƙasa take da laushi, kowane rami yakan kai kusan mita ɗaya, amma ba su yin ƙwai sai tsakiyar rani, wajen Janairu zuwa Maris. Da sun jira lokacin ƙwai kafin su fara haƙa, da ƙasar ta bushe ta gagare su.

Wani masani ɗan Ingila, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, a kwazazzaban Zariya ya yi nazarin waɗannan tsuntsaye. Ya sa musu alama ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa sau da yawa ba uwa da uba kaɗai suke ciyar da 'ya'ya ba. Akan sami na uku, galibi ɗansu na bara wanda bai yi tasa sheƙar ba, yana taya su kawo abinci, tamkar yadda ake gayya a gonar ɗan'uwa. Wannan binciken yana cikin waɗanda suka jawo hankalin masana ga irin wannan taimakekeniya a tsuntsayen ƙasashe masu zafi. Fry yana kuma cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masanan Tsuntsaye ta Najeriya a 1964, tare da John Elgood da Robert Sharland, kuma a 1965 ya wallafa jerin tsuntsayen Zariya a mujallar ƙungiyar, wadda daga 1979 ta koma ta Afirka ta Yamma baki ɗaya da sunan Malimbus. Amfanin wannan gare mu a yau shi ne Zariya tana da tsohon ma'auni da garuruwa da yawa ba su da shi: mai kallo na yanzu yana iya gwada abin da yake gani da abin da aka rubuta shekara 60 da suka wuce.

Idan kana neman abin da ba a saba gani ba a wannan gaɓar, ka riƙa duba maƙogwaronsu ɗaya bayan ɗaya, domin jefi-jefi akan sami mai rawayan maƙogwaro a maimakon ja, kuma wannan ya cancanci hoto da rahoto. Yaran kuwa, tsawa ba za ta hana su ba sai na ranar. Ka zaunar da su nesa kaɗan da ramukan, ka ba su aikin ƙirga tsuntsu nawa ne suke kai abinci rami ɗaya. Wanda ya fara gano rami mai masu ciyarwa uku, a yaba masa a gaban sauran.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne a cikin birni. Muna yara ungulu ba ta ƙirguwa a mahauta da kan rimayen gari. Yau sai in yi shekara ban ga ko ɗaya ba. Kwanan baya jikana ya ce ya ga biyu suna sheƙa a wata bishiya a ƙauyen kakanninsa, yana so ya sanar wa duniya. Ina suka tafi, kuma ya sanar?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka lura da shi gaskiya ne, kuma ba ƙaura suka yi ba, ƙarewa suke yi. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ɓacewa ta sa ungulun gari, tare da wasu ire-iren ungulu uku na Afirka, a matakin da daga shi sai ƙarewa. Dalilan sanannu ne. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta ga masu tsibbu da masu haɗa magani, kuma a Najeriya wannan ciniki yana cikin manyan abubuwan da suka cinye ta. Ana zuba guba a mushe don kashe kura ko karnuka, ungulu ta sauka ta ci, garke guda ya mutu a wuni ɗaya. Ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka duk wadda aka kashe, maye gurbinta yana ɗaukar shekaru. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma jewar tata aiki take yi mana, domin tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka.

Amsar tambaya ta biyu ita ce a'a, kada ya bayyana wurin. A nan ne ƙa'idar ba da labari take juyawa. Baƙon tsuntsu da ya sauka a bakin ruwa zai tashi gobe, kiran jama'a su zo su gan shi ba ya cutar da shi. Mai kwanci a sheƙa kuwa ba ta da inda za ta, kuma labarin da ya isa kunnen masu kallo zai isa kunnen masu tarko. Jikanku ya rubuta ranar da ya gani da irin bishiyar da abin da tsuntsayen suke yi, ya ɗauki hoto daga nesa ba tare da ya nuna alamar da za a gane wurin ba, ya miƙa cikakken bayanin ga masu bincike na APLORI ko Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya kai tsaye. A bainar jama'a kuwa ya isa ya ce a ƙasar Zazzau ya gani. Haka ya kamata a yi da sheƙar gauraka da ta mujiya da ta burtu, domin su ma ana farautarsu. Idan kuma mai bishiyar mutum ne da kuke da ta cewa a wurinsa, Baba, kalma ɗaya daga bakinku cewa kada a sare ta, kada a hau ta, za ta fi takardar kowace hukuma tasiri a ƙauyen. Labarin da kuke da shi na yadda ungulu take a da, da wuraren da take taruwa, shi ma a sa jikan ya rubuta shi da sunayen unguwannin da shekarun da kuka tuna.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Sabon Gari. Ƙananan jajayen tsuntsayen nan da ke tsintar tsaki a tsakar gida, da kaka nakan ga wani ɗan baƙi mai sheƙi, bakinsa fari, yana bin su. Mene ne haɗinsu?

Amsa: Hajiya, kin lura da abin da masana suka shafe shekaru suna bincike a kansa. Ɗan baƙin nan namiji ne, kuma wannan baƙar riga daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu kawai yake sa ta. Sauran shekara shi da matarsa ruwan ƙasa ne masu zane-zane, ba mai kula su. Matarsa ba ta yin sheƙa. Takan faki idon jajayen nan ta saka ƙwanta a cikin nasu, su yi kwanci su ƙyanƙyashe su rena ɗanta tare da nasu. Ba su gane baƙo ne ba, domin zanen da ke cikin bakinsa idan ya buɗe yana neman abinci iri ɗaya ne da na 'ya'yansu. Idan namijin ya girma kuma, kukan waɗanda suka rene shi yake kwaikwaya, macen da ta tashi a irin wannan sheƙar kuwa mai wannan kukan take zaɓa. A nan karin maganar da ke cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ta faɗa daidai, sai dai gidan na riƙo ne.

Waɗannan baƙaƙen iri-iri ne, kowane iri da jan tsuntsun da yake yi wa ajiyar ƙwai, kuma kamarsu ta yi yawa har ido kaɗai ba ya raba su, sai an haɗa da kuka. Robert Payne na Jami'ar Mishigan a Amurka ya yi aiki a kansu a Najeriya, kuma a 1982 ya bayyana wani iri a matsayin na daban daga samfurin da aka samo a Zariya. Ta hanyar bin kukan wani irin kuma aka kai ga gano wani jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda masana ba su san da shi ba, aka ba shi suna a 1998. Don haka idan kin ji ɗan baƙin yana rera kuka a kan waya ko saman bishiya, ki naɗi muryar da wayarki na minti ɗaya ko biyu, ki lura da launin ƙafarsa. Na cikin gari yawanci mai jan ƙafa ne. Idan kika ga mai farar ƙafa ko mai ruwan toka a bayan gari, muryar da kika naɗa ita za ta faɗi ko wane ne.

Tambaya: Malam, ƙanena manomin rani ne a bakin Galma. Ya tsinci mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafarsa, da lambobi da rubutun boko. Wasu sun ce na leƙen asiri ne, wasu sun ce asiri ne.

Amsa: Ɗan'uwa, ba ko ɗaya daga ciki. Masu bincike ne suke sa wa tsuntsaye irin wannan zobe don su san hanyar da suke bi da shekarun da suke yi a duniya, kuma babu na'ura a cikinsa, ƙarfe ne kawai marar nauyi. Lambar ta wannan tsuntsun ce shi kaɗai, rubutun kuma sunan cibiya ko birnin da za a tuntuɓa ne. Tunda tsuntsun ya riga ya mutu, a cire zoben a miƙe shi, a ɗauki hotonsa yadda kowane harafi zai fito, a ɗauki hoton tsuntsun idan yana nan, a rubuta ranar da wurin da yadda aka same shi, sa'an nan a wanke hannu da sabulu, domin mataccen tsuntsun ruwa yana iya ɗauke da murar tsuntsaye. Da a raye aka kama shi, sai a karanta lambar a sake shi da zobensa. Idan zoben na Turai ne, ƙungiyar EURING, wadda ta haɗa cibiyoyin sa wa tsuntsaye zobe na ƙasashen Turai, tana da shafin intanet da ake shigar da irin wannan bayani, idan kuma hakan ya yi wuya, a aika wa APLORI su isar. Cibiyar da ta sa zoben takan maido wa wanda ya tsinta da amsa, ta gaya masa irin tsuntsun da ƙasar da aka sa masa zoben da ranar da aka sa.